Manhaja Mai Dangi

Zuwa ga Yatsa-Biyu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da injinan da aka ba ka gadi. Ni dai alhamdu lillahi. Gwiwa tana nan da halinta, ido kuma ka san labarinsa. Na koma wurin likita ya sake haska min fitilarsa, ya ce hawan jinin idon ya lafa da maganin da nake ɗigawa, amma abin da ya tafi ba zai dawo ba. Na ce masa to, a riƙe min ragowar.

Direban nan Sai-Gobe ya kawo filashin da ka aiko, kuma wannan karon bai amsa sunansa ba, da wuri ya iso. Na bi takardarka layi-layi da gilashin ƙara girma. Na buɗe baƙar tagar nan ta kwamfuta, na buga umarnin, na danna. Ta yi ta zubo rubutu kamar abin arziki, can sai ta tsaya ta ce wai ba za ta girka manhajar ba, don ba ta ga laburare ba.

Na ce ikon Allah, laburare yana nan bayan gidan waya inda ka bar shi. Na kulle shago na tafi da filashin da sunan da ta rubuta, libsonara. Matar da ke kan tebur ta duba ta sake dubawa, ta tambaye ni ko sunan marubucin ne. Daga ƙarshe ta ba ni kujera da ruwan sanyi, ta ce in huta tukuna. Kai ka ja min wannan, kuma ban yafe ba.

Bari in gaya maka abin da ya sa na matsu. Kwanakin baya wani malamin makaranta ya kawo min takardar neman ƙarin girma. Na buga ba tare da na kalli allo ba, yadda na saba. Ashe hannuna ya goce da gida ɗaya, sakin layi guda ya fito kamar an zubar da haruffa a ƙasa. Ban gani ba, na ninke na sa masa a ambulan. Bawan Allah ya dawo yana ta ba ni haƙuri kamar shi ya yi laifin. Magana ta kai kunnen baffanka, shi kuma ya yanke hukunci: da zarar wa'adin hayar shago ya cika, a rufe, in koma ɗakin da ke bayan gidansa in zauna.

Ɗana ne, na san so ne ya kawo haka. Amma me zan yi a ɗaki daga safe har yamma? Yatsuna ba su tsufa ba. Ido kawai nake neman aro, kai kuma ka ce manhajar nan tana karanta wa mutum abin da ya buga da babbar murya. In ta yi magana, shago ya tsira. In ba ta yi ba, ba ni da abin da zan ce wa baffanka.

Ni da kakanka 'ya'yan wa da ƙane ne, a lissafin mutane dangin nesa muke. Amma shekarun da ka yi a gidana kana sakandare, kana cinye min abinci kana lalata min takardu da yatsunka biyu, sun isa in aike ka ba tare da na ce don Allah ba. Wannan wasiƙar ma a tsohuwar tafiretata nake buga maka, ita ba ta taɓa tambayata laburare ba.

Kakarka ta shago.

*

Zuwa ga Kaka,

Na samu wasiƙarki, na gode Allah da idon ya lafa. Ina lafiya, sai dai murar da ɗakin injina yake sa min. Sanyinsa ya kai mutum ya sa rigar sanyi da tsakar rana, don injinan sun fi mu gata. Ki gaida Baffa da iyalinsa, da maƙwabcinki mai hoto, da gwiwar.

Kaka, na yi dariya har abokin aikina ya leƙo ya ga ko lafiya. Ki ba matar laburare haƙuri a madadina. Laifina ne da ban yi miki bayani ba.

Wannan laburaren ba na littattafai ba ne. Ki duba shagonki. Ke ce mai bugu, amma in takarda tana son hoto sai a shiga wurin maƙwabcinki, in tana son hatimi sai a je wurin mai sassaƙa hatimi. Manhaja ma haka take. Wanda ya rubuta ta bai ƙera komai da komai da hannunsa ba. Abin fitar da sauti wani ne ya riga ya ƙera shi, ita aro kawai take yi. Irin waɗannan ƙananan kayan aron su ake kira laburare, shi ya sa sunayensu suke farawa da lib. In ta duba ba ta ga ɗaya daga cikinsu ba, sai ta ƙi zama.

Da kwamfutarki tana da intanet, da kanta za ta je ta ɗebo abin da ya ɓace, ba za ki ma sani ba. To ita tun da na haɗa miki ita ba ta taɓa leƙa waje ba, ta gaji halin mai ita. Kuma ta kwana biyu, sabon zubi ba zai zauna mata ba, sai na tono tsohon zubin da ya yi daidai da ita. Na tono. Yana cikin filashin, a foldar da na sa wa suna shago. Ki buga umarnin nan na farko, ki bar fili, ki buga sunan fayil ɗin daidai yadda yake, sannan ki sake gwada manhajar. Duk abin da ta ce, ki kwafo min.

Maganar shago ta taɓa ni. Ni in na rufe ido ina ganin fankar nan da take juya kai gefe ɗaya kawai, da bencin masu jira, da rular da kike ƙwanƙwasa min a hannu kina cewa Allah ya ba ni yatsu goma ina wulaƙanta takwas. Yanzu da goman nake cin abinci, amma sunan ya ƙi barina. Ba za a rufe shagon nan ina da rai ba, in sha Allahu.

Maigidanki, Yatsa-Biyu.

*

Yatsa-Biyu,

Ina gaisuwa. Mura kuma ai kai ka so, wa ya ce ka je gadin firji? Ka riƙa shan ruwan ɗumi. Mu nan lafiya lau.

Wannan manhaja taka mai dangi ce. Na sa mata libsonara ta karɓa, na ce madalla. Na sake gwadawa sai ta ce shi libsonaran ma ba zai yi aiki ba sai da wasu guda biyu. Na duba folda na ga ashe ka sako su, Allah ya yi maka albarka. Na sa na farko lafiya. Na biyun ya ce shi ma yana da ƙane, kuma ba zai shiga ba sai ƙanen ya riga shi. Mutum ɗaya na gayyata, ga shi an cika min tsakar gida, kowa yana tambayar ina wane.

Na lura da wani abu. Ba ta faɗin duka abin da take so a lokaci ɗaya. Sai ka kawo wannan ta tuna da wancan. Haka marigayi mijina yake in ya aiki yaro kasuwa.

Yanzu dai saura ɗaya take kira, kuma babu shi a folda. Ga sunansa yadda na gani a allo: libvokall.

Baffanka ya kai kafinta ya auna ɗakin. Jiya ya zo da shi har shago, wai a ga tsawon teburina ko zai shiga ta ƙofa. Ina zaune ana auna teburin da na yi rayuwata a kai, kafinta yana cewa in ɗan ɗaga gwiwar hannu. Na ɗaga. Da suka fita sai da na juya wa ƙofa baya na ɗan jima.

Mai hoto ya ce in ina so ya riƙa shigowa yana karanta min allo. Na ce masa na gode. Mutane suna kawo min takardun da ba sa son uwarsu ma ta gani, na rabuwar aure, na rashin lafiya, na neman gafara. Ba zan sa ido na uku a kansu ba. Inji kam ba shi da wanda zai faɗa wa.

Ka hanzarta, wa'adin yana matsowa.

Kakarka.

*

Kaka,

Gaisuwa da fatan alheri. Murar ta tafi, na bi umarni. Mai dangi kuwa, sunan ya bi ta, har abokan aikina sun ɗauka. Yanzu duk manhajar da ta ƙi zama a ofis sai a ce a nemo mata danginta.

Na nemi sunan da kika aiko, sama da ƙasa, babu laburare mai wannan suna. Amma akwai wani da ya yi kama da shi sosai, kuma na tabbata shi take nufi. Bambancin a ƙarshe yake. Ba harafin l biyu ba ne, l ɗaya ne sannan lamba ɗaya: libvokal1. A allo suna kama da juna, kowa ma yana iya ruɗewa, kada ki sa a ranki. Na sa shi a folda, na kuma buga miki sunan da manyan baƙaƙe a takarda daban, kowane harafi ya kai girman babban yatsa.

Zancen auna tebur ya ɓata min rai, amma ba zan ce komai a kan Baffa ba, babba ne. Ki dai daure. Wannan shi ne auta a dangin, daga shi sai magana.

Naki, Yatsa-Biyu.

*

Yatsa-Biyu,

Muna lafiya. Auta ya ƙi shiga.

Na ga takardarka mai manyan baƙaƙe, ko daga bakin titi ana iya karanta ta. Na fahimci bayaninka sarai, ba yau na fara ganin lamba ba. Na buga sunan harafi da harafi, har da ɗayan da kake ta nanatawa a ƙarshe: libvokall. Ta ce babu fayil mai wannan suna. Na goge na sake. Na kashe ta na kunna na sake. Na cire filashin na hure bakinsa na mayar, duk amsa ɗaya. Alhali ga fayil ɗin ina kallonsa a cikin folda, yana kallona.

Ko dai abin da ka aiko ya lalace a hanya? Sai-Gobe yana ajiye saƙo kusa da injin mota, na sha gaya masa.

An kawo kwalaye an jingine min a bayan ƙofa. Ba wanda ya ce min na mene ne.

Kakarka.

*

Kaka,

Ina gaishe ki, ina kuma roƙon ki karanta wannan a hankali.

Fayil ɗin lafiyarsa ƙalau, na gwada irinsa a nan. Kin ce kin sa lamba ɗaya a ƙarshe, amma sunan da kika kwafo min a wasiƙarki babu ɗaya a cikinsa, l biyu ne kamar na farko. Na daɗe ina kallon layin nan. Na buga miki shi da girman da ba a iya fin sa, kuma duk da haka bai fito ba. Hankalina ya tashi, Kaka. Ina tsoron idon ya fi yadda kike gaya min.

Ban iya haƙuri ba, na kira Baffa na tambaye shi abin da likita ya ce masa. Mun daɗe muna magana. Ya ce ranar nan ya hango ki kina tsallaka titi wata mota ta taka burki a gabanki, ke ba ki ma juya ba. Wataƙila Baffa yana da gaskiya ta wani wajen. Bai kamata a bar ki ke kaɗai da wannan abu ba.

Ki bari mai hoto ya buga miki sunan nan sau ɗaya kawai. Ba sirrin kowa a ciki.

Naki har kullum.

*

Zuwa ga Injiniya,

Na samu takardarka. Lafiya muke. Tunda kai da baffanka kun zauna kun gama magana, ni ba ni da abin ƙarawa. Ga filashinka nan na mayar, kada ya ɓace a cikin kwalaye. Na gode da wahalar da ka yi.

Mai shago, kafin a rufe.

*

Kaka,

Injiniya kuma? Ni? Tun da nake ba ki taɓa kirana da sunan aiki ba. Gara ki ɗauko rular.

Na kira wayarki ba adadi, tana shiga ba a ɗauka. Baffa ya ce kina lafiya, kina zuwa shago, amma ba kya kunna kwamfutar. Wallahi ban ce a rufe shago ba, kuma ban haɗa baki da kowa ba. Da na ce yana da gaskiya ta wani wajen, titin nake nufi. Da na ce kada a bar ki ke kaɗai, ina nufin a samu mai taya ki buga layi ɗaya. Na sake karanta abin da na rubuta, na ga yadda ya fito, na ji kunya. Ke kika koya min cewa a karanta takarda da idon wanda zai karɓe ta kafin a ninke, ni kuma ban yi ba.

Sai-Gobe ya zo ya tafi sau biyu, ina tsaye a tasha kamar mai jiran gado, ya ce babu saƙo. Ko zagi ne ki aiko, zan karɓa.

Yatsa-Biyu, in har yanzu sunana ne.

*

Kaka! Kaka!

Gaisuwa a gurguje, ki yafe min. Idonki ba shi da laifi. Ni ne dai ban da kai.

Yau na je aski. Mai askin ya ƙawata shagonsa da tsofaffin kaya, rediyo, fitilar ƙwai, da wata tafireta irin taki a kan kanta. Ina jiran layi na sa hannu ina wasa da ita don kewa. Na ce bari in buga sunan nan da ya hana ni sukuni. Na kai ƙarshe, ƙaramin yatsana na hagu ya tafi neman ɗaya, ya faɗa a wofi. Na duba layin lambobi. Daga biyu ya fara.

Nan take na ji muryarki a kunnena, ranar da kika fara zaunar da ni a gabanta: tafireta ba ta da ɗaya, ɗan nan, ƙaramin l shi ne ɗayanta. Na miƙe da mayafin aski a wuya, mai askin yana tambaya ko lafiya.

Kin gani daidai tun ranar farko. Idonki ya karanta ɗaya, kanki ya ce ɗaya, sai yatsanki na dama ya buga l, don abin da aka koya masa ke nan tun kafin a haifi babana. A kan takarda mutum ba ya bambance su. Kwamfuta kuwa ba kamanni take dubawa ba, a wurinta l harafi ne, ɗaya lamba ce, ba su ma san juna ba. Ni da na tashi a gaban tafiretar nan, ni ya kamata in fara ganewa. Maimakon haka na ɗora wa idonki, na kuma kai ƙararki. Ki yafe min.

Na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na kafa irin tsohuwar kwamfutarki sak a cikin tawa, na yanke mata intanet, na girka manhajar ina kallo. Ashe auta ba auta ba ne, akwai wasu biyu a bayansa. Na tattaro dangin kaf, kowa da zubin da ya dace, na gwada har ta yi magana. Suna cikin filashin. Akwai gajeriyar hanya: bayan umarnin, maimakon suna, ki sa alamar tauraro, za ta kwashe duk abin da ke folda ta jera su da kanta. Amma in kin yarda, ki fara sa na rigimar da hannunki. Maɓallin ɗaya yana sama ta hagu, kafin biyu, aikin ƙaramin yatsa ne. Ina so ki ga ya shiga.

In kin ga dama ki ci gaba da fushi da ni, amma ki yi shi a cikin shagonki.

Yatsa-Biyu.

*

Zuwa ga Yatsa-Biyu,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina fatan an ƙarasa maka askin, kada ka riƙa yawo da rabin kai, ko da yake ka ce ba ka da shi. Ni lafiya lau, ido yana nan yadda yake, bai ƙaru ba bai ragu ba.

Na yi fushi, ba zan ɓoye maka ba. Kowa ya ce na makance ban damu ba, amma da kai ka faɗa sai na yarda. Kwanakin nan da ban kunna kwamfuta ba, zama nake ina rufe ido ɗaya ina gwada ɗayan a kan kalandar bango. Wayarka ina jin ta. Tsoro nake in ɗauka ka ji muryata.

Wasiƙarka ta iso ranar da baffanka ya zo da igiya za a fara ɗaure kaya. Na karanta da gilashina, na kai wurin mai aski, sai dariya ta ƙwace min har da hawaye. Baffanka ya ce, “Umma, lafiya?” Na ce masa ajiye igiyar nan, zo ka nuna min ɗaya. Ya tsaya yana kallona kamar abin ya kai ga kai. Na ce ɗaya na kwamfuta nake nufi. Ni na san da maɓallin, ina goge masa ƙura kullum, na ɗauka na 'yan koyo ne.

Ya kama ƙaramin yatsana ya ɗora a kai. Rabon da yaron nan ya riƙe min hannu tun ina tsallakar da shi titi zuwa makaranta. Na buga sunan, yatsan dama ya zabura zai yi halinsa, na ce masa kul. Na danna da na hagu. Ta karɓa! Ko gardama babu. Na sa tauraron nan naka, sauran dangi suka shige a jere kamar an buɗe musu ƙofar biki. Na girka manhajar, ta zauna.

Sai shiru. Na danna, shiru. Na ce wani ɗan uwan ne kuma ya maƙale a hanya. Baffanka ya leƙa bayan tebur ya ce, “Umma, ai ba ki da sifika.” Kai da iliminka duka ba ka tuna da wannan ba. Mai hoto ya kawo tasa da gudu, aka jona.

Muryar mace ce, mai sanyi, kuma Hausarta abin tausayi. In ta karanta sunan mutum, mai sunan ma ba zai amsa ba. Amma duk harafin da na taɓa sai ta faɗe shi, kuma in na gama layi ta maimaita min. Na ce wa baffanka ya ɗauki jarida ya yi min shifta. Ya karanta ina bugawa. A tsakiya na goce hannuna da gangan, baiwar Allah ta fara wani yare da ba na mutane ba, na tsaya na gyara tun bai ɗago kai ba. Muka kai ƙarshe ya duba allo da kansa, ya bi da yatsa, bai samu ko ɗigo ba.

Ya zauna a bencin masu jira. Can ya ce, “Umma, ni ba shagon ne ya dame ni ba. Titin nan ne. Kullum ina ofis ina jiran a kira ni.” Ni ban san haka yake kwana yana tashi da shi ba, na ɗauka kunyar takardar malamin nan ce.

To ga yadda muka yi. Zan koma ɗakin bayan gidansa da kwana, kafintan ma ya iya aiki, na je na gani. Da safe baffanka ya sauke ni a ƙofar shago, da yamma ya ɗauke ni. An sabunta haya. Tebur yana nan inda yake, kwalayen kayan ɗakina za su ɗauka. Ya ɗiga min gam a kan maɓallin ɗaya ya bushe ya yi tudu, don yatsa ya riƙa ganewa. Mai hoto ya bar min sifikar, ya kuma kawo abin sawa a kunne don sirrin mutane. Ka ga ni ma da na ce ba na son kowa, sai da aka tara min direba da mai aski da mai hoto da baffanka kafin in zauna. Kada ka ce komai, na san abin da za ka ce.

Wani abu ɗaya, ya tsaya tsakaninmu. Takardun da na buga wa mutanen garin nan tun ina budurwa, da kwanan wata da lambar gida da shekarun haihuwa, ashe babu lamba ɗaya ta gaske ko guda a ciki. An ɗauki mutane aiki da su, an yi aure, an sayi filaye. Ba wanda ya taɓa dawowa.

Har yanzu yatsan yana mantawa. In ya buga l a wurin lamba, matar nan sai ta faɗa da ƙarfi a kunnena, ba kunya ba kara. Na samu mai rula ni ma.

Ka lura wannan wasiƙar ba a tafireta na buga ta ba. Na sa an karanta min ita daga sama har ƙasa, ba kuskure. Ka zo da hutu ka ji yadda take kiran sunanka, za ka yi kuka. Jikoki Allah ya ba ni da yawa, na kusa da na nesa, ina son su duka, amma kada ka gaya musu, kai ne lamba 1. Ka sa gilashi ka duba da kyau, na gaske ne.

Kakarka ta shago.